Kammalau na Gaba: Lokacin Futur Antérieur na Faransanci a Ma'aunin Nahawun Hausa, Tsokaci Daga Ƙasar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta duba lokacin aikatau na Faransanci da ake kira futur antérieur, yadda ake gina shi da wuraren da yake fitowa, sannan ta auna shi da tsarin lokutan Hausa. An gina misalan a kan harkokin yau da kullum na mutanen ƙasar Daura da maƙwabtansu na Damagaram. Maƙalar ta nuna cewa Hausa ba ta keɓe wa wannan ma'ana siga ta musamman ba, amma tana isar da ita ta hanyar abin da aka saba kira shuɗaɗɗen lokaci. Wahalar da Bahaushe yake fuskanta a nan ta fi taruwa a kan kalmar "idan", wadda take ɗauke da ma'anoni biyu da Faransanci ya raba.

1.0 Gabatarwa

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, da aikin kafa alamomin iyaka da ya biyo baya tsakanin 1906 zuwa 1908, su suka tsayar da layin da ya raba ta da Magarya da Matamaye. Layin ya raba hukumomi, amma harshen mutane yana nan ɗaya. Mai sayen dabbobi da ya taso daga Damagaram ya ratso ta Ɗan Barto da Kwangwalam zuwa kasuwar Mai'aduwa ba ya buƙatar tafinta, da Hausa zai taya, da ita za a sallama masa. Faransanci yana shigowa ne a inda takarda ta shigo: takardar kwastan, takardar asibiti, shaidar karatu, yarjejeniyar ciniki. A irin waɗannan takardu ne kuwa futur antérieur ya fi yawa, domin shi ne lokacin da ake gindaya wa'adi da shi, a ce abu kaza ba zai auku ba sai abu kaza ya riga ya kammala.

Akwai dalilai biyu da suka sa batun ya cancanci kulawar masu nazarin Hausa. Na farko, tun bayan sanarwar da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yi a 1996, manufar ilimi ta ƙasa ta ɗauki Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya, kuma ana koyar da shi a makarantu, galibi ta hanyar Ingilishi. Na biyu, a watan Maris na 2025 Jamhuriyar Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a wannan watan kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk dokar da aka rubuta da Faransanci ake son talaka ya ji ta da Hausa, sai ta bi ta hannun mai fassara, shi kuwa dole ya san abin da zai yi da wannan lokaci. A wannan maƙala za a riƙa kiran sa "kammalau na gaba".

2.0 Yadda Ake Gina Shi

Kammalau na gaba harɗaɗɗen lokaci ne mai sassa biyu. Sashe na farko mataimakin aikatau ne, avoir ko être, a sigarsa ta lokaci na gaba. Sashe na biyu shi ne sigar aikatau da ake kira participe passé, wadda take nuna aiki a kammale.

avoir: j'aurai, tu auras, il/elle aura, nous aurons, vous aurez, ils/elles auront
être: je serai, tu seras, il/elle sera, nous serons, vous serez, ils/elles seront

Ɗafa-ƙeyar da ke jikin waɗannan sigogi, wato -ai, -as, -a, -ons, -ez, -ont, burbushin aikatau avoir ce. Lokaci na gaba na Faransanci ya samo asali ne daga wani gini na Latin inda ake jera tushen aikatau da kalmar mallaka, har daga baya suka narke suka zama kalma guda. Hausa ma daga wani aikatau ta samo nata lamirin: "za" na "za su tafi" ɗan'uwan "za" ne na "za ni Katsina", mai ma'anar nufar wuri.

Sigar participe passé tana bin ajin aikatau. Masu ƙarewa da -er suna ɗaukar -é (payer, payé), akasarin masu -ir suna ɗaukar -i (finir, fini), da yawa daga masu -re suna ɗaukar -u (vendre, vendu). Sauran kuwa sai hadda: fait, pris, mis, dit, écrit, vu, reçu, ouvert, venu, né, mort, eu, été. Ana kore jimla ta hanyar sanya mataimakin a tsakanin ne da pas, a ce nous n'aurons pas fini. Wakilin sunan karɓau yana zuwa kafin mataimakin, kamar je l'aurai vendu.

A rubuce sigogin avoir shida ne, amma a kunne kusan uku ne: aurai da aurez suna tafiya tare, haka auras da aura, haka aurons da auront. Wakilin suna ne yake bambanta su. Ta wannan fuska ginin bai yi wa Bahaushe nisa ba, domin a "sun gama" da "kin gama" da "mun gama" aikatau bai motsa ba, zagin da ya gabace shi ne yake ɗauke da bayanin mai aiki da yanayin aikin. Abin da ya fi buƙatar lura shi ne aurai da aurais. Harafi ɗaya ya raba su a rubuce, wasalin da ya raba su a furuci kuma ba ya cikin bambance-bambancen da Hausa take yi, alhali j'aurai payé yana nufin biyan zai kammala, j'aurais payé kuma yana nufin "da na biya", wato ba a biya ba.

2.1 Zaɓen Mataimaki

Mafi yawan aikatau suna tafiya da avoir. Masu tafiya da être kashi biyu ne. Akwai 'yan ƙalilan masu nuna motsi ko sauyin hali: aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, rester, tomber, retourner, naître, mourir, devenir da 'yan'uwansu irin su revenir da rentrer. Akwai kuma dukkan aikatau masu komawa kan mai aiki, irin su se lever. Idan mataimakin être ne, a ƙa'ida participe passé yana dacewa da aikau ta jinsi da adadi: il sera parti, elle sera partie, ils seront partis, elles seront parties. Idan avoir ne, ba ya dacewa da aikau, sai dai da karɓau idan ya gabace shi: les lettres que j'aurai écrites.

Wasu daga cikin aikatau na kashin farko suna sauya mataimaki idan suka ɗauki karɓau, kuma littattafan koyarwa kan kawo wannan a matsayin togaciya da za a haddace. Ga wanda ya san giredin aikatau na Hausa kamar yadda Parsons (1960) ya tsara su, babu abin haddacewa:

(1) a. Elle sera sortie. Ta fita.
b. Elle aura sorti les sacs. Ta fitar da buhunan.
(2) a. Ils seront descendus. Sun sauka.
b. Ils auront descendu les bagages. Sun sauke kayan.

Abin da Hausa take yi da ƙirar aikatau, tsakanin "fita" da "fitar da", shi Faransanci yake yi da sauya mataimaki.

3.0 Ma'anarsa

Reichenbach (1947) ya nuna cewa ba a iya bayanin lokutan aikatau da maki biyu kawai, wato lokacin magana da lokacin aukuwar aiki. Akwai na uku, lokacin da mai magana ya tsaya a kansa yana hangen aikin, wanda za a kira madogara a nan. A kammalau na gaba, madogarar tana gaban lokacin magana, aikin kuma ya riga ya kammala kafin a kai gare ta. Benveniste (1959) ya lura cewa harɗaɗɗun lokutan Faransanci suna da ayyuka biyu: nuna kammalar aiki, da nuna cewa wani aiki ya riga wani. Duka biyun suna nan a kammalau na gaba. Idan madogarar bayanau ce, kammala ake nufi. Idan wata ganga ce mai lokaci na gaba, rigaye ake nufi.

(3) Demain à cette heure-ci, les commerçants seront arrivés à Zinder.
Gobe war haka 'yan kasuwar sun isa Damagaram.
(4) Avant que vous ne reveniez du marché, nous aurons fini le travail.
Kafin ku dawo daga kasuwa mun gama aikin.

Fassarar Hausar da ke ƙarƙashin waɗannan misalai ita ce abin dubawa. Babu "za" a cikinsu. "Sun isa" da "mun gama" su ne sigogin da littattafan nahawun Hausa suke kira shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, ga shi kuwa suna magana a kan gobe.

4.0 Shuɗaɗɗen da Bai Shuɗe Ba

An zaɓi misalai masu jam'i da gangan, saboda daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali. "Ya" ɗaya a rubuce tana iya zama shuɗaɗɗe na ɗaya, ko na biyu, ko umartau, ko lokaci na gaba na biyu. A jam'i kuwa kowanne da kamanninsa: sun, suka, su, sa.

Amfani da "sun" ko "na" ko "kin" a kan abin da bai auku ba tukuna yana cikin maganar da kowane Bahaushe yake yi kullum. Mai fita daga gida yakan ce "sai na dawo", waɗanda za su rabu su ce "sai mun haɗu", mai haramar tashi ya ce "na tafi" alhali yana zaune. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shuɗe. Abin da sigar take nunawa shi ne aikin a matsayin kammalalle, ba tare da ta faɗi yaushe ba. Idan babu wata madogara a cikin zancen, mai sauraro yakan ɗauki lokacin magana a matsayin madogara, sai ya fahimci cewa aikin ya wuce. Idan aka kafa madogara a gaba, da "gobe war haka" ko "kafin ku dawo" ko "baɗi iwar haka", sai kammalar ta bi ta can. Wannan ne ya sa manazarta irin su Newman (2000) da Jaggar (2001) suke bayanin waɗannan sigogi a ƙarƙashin tsari guda da ya haɗa lokaci da yanayin aiki da halin mai magana, ba su tsaya a kan lokaci kaɗai ba. Bambancin da Comrie (1976) ya fayyace tsakanin lokaci da yanayin aiki shi ne ginshiƙin wannan fahimta.

Sunan "shuɗaɗɗen lokaci" ya yi wa ɗaliban Hausa hidima shekara da shekaru, kuma ya kama mafi yawan abin da sigar take yi. Sai dai a ajin Faransanci yana da illa. Ɗalibin da aka koya wa cewa "sun gama" shuɗaɗɗe ne, aka kuma koya masa cewa passé composé shi ne shuɗaɗɗen Faransanci, zai haɗa su ya ɗaure. Daga nan duk inda Hausarsa ta ce "sun gama" zai rubuta ils ont fini, ko da gobe ake nufi.

Akwai wani sharaɗi da Hausa take da shi wanda Faransanci ba ya buƙata, wato wurin da madogara take zama a jimla:

(5) a. Kafin Juma'a sun gama.
b. Sun gama kafin Juma'a.
c. Za su gama kafin Juma'a.

Jimlar (5a) tana karɓar fassarar gaba cikin sauƙi. Jimlar (5b) kuwa kunne ya fi saurin ɗaukar ta a matsayin labarin abin da ya wuce, don haka mai son ajiye bayanau a ƙarshe yakan koma ga (5c). A Faransanci, ils auront fini avant vendredi da avant vendredi ils auront fini duk gaba suke nufi, domin auront ya riga ya ɗauki nauyin nuna lokacin. Hausa tana da wata dabara kuma idan tana son ta ƙarfafa ma'anar, ita ce shigo da mai gani: "za ka tarar sun gama", "za ku iske ba mu tashi ba". A nan "za" ya kafa madogara, sigar kammala ta biyo bayansa. Wannan ginin shi ne mafi kusa da na Faransanci, kuma shi ya fi dacewa wajen korewa, inda "gobe war haka ba mu gama ba" takan so ɗan ƙarin bayani.

5.0 Idan Ɗaya, Si da Quand

A ganga dogarau ne aikin ya fi tsanani. Faransanci yana tilasta kammalau na gaba bayan mahaɗan lokaci irin su quand, lorsque, dès que, aussitôt que, une fois que, tant que da après que, muddin ana nufin aikin gangar zai kammala kafin na babbar ganga. Kowannensu yana da takwara a Hausa, kuma takwarorin sigar kammala suke ɗauka:

(6) Dès que la pluie sera tombée, les paysans sèmeront.
Da zarar an yi ruwa, manoma za su yi shuka.
(7) Tant que vous n'aurez pas payé les droits, le camion ne passera pas.
Muddin ba ku biya kuɗin fito ba, motar ba za ta wuce ba.
(8) Nous ne partirons que lorsqu'ils seront revenus.
Ba za mu tafi ba sai sun dawo.

Akwai mahaɗin da ya fita daga wannan sahu a harsunan biyu, kuma ta hanya iri ɗaya. Avant que yana ɗaukar subjonctif, "kafin" kuma yana ɗaukar umartau, kamar yadda aka gani a (4): "kafin ku dawo", ba "kafin kun dawo" ba.

Matsalar tana ga "idan" da gajeriyar sigarta "in". Jimlar "idan sun sayar da geron za su sayi atamfa" tana da fuska biyu. Tana iya nufin sayarwar tabbas ce, lokacinta kawai ake jira. Tana iya nufin ba a san ko za a sayar ba. Hausa ta bar wa muhallin magana ya tantance. Faransanci bai yarda da haka ba, kuma ƙa'idojin da ya gindaya wa fuskokin biyu kishiyoyin juna ne. Alamar * tana nuna jimlar da ba ta karɓu ba:

(9) a. Quand elles auront vendu le mil, elles achèteront des pagnes.
b. Si elles vendent le mil, elles achèteront des pagnes.
c. *Quand elles ont vendu le mil, elles achèteront des pagnes.
d. *Si elles auront vendu le mil, elles achèteront des pagnes.

Bayan quand, lokaci na gaba wajibi ne. Bayan si na sharaɗi, haramun ne. Kuskuren (9c) shi ne wanda kwatancin harsunan biyu yake sa a yi tsammani daga Bahaushe, irin hasashen da Lado (1957) ya gina nazarin bambancin harsuna a kansa. Kuskuren (9d) kuma yakan biyo bayan gyara: ɗalibin da aka ce masa "idan sun sayar" tana buƙatar auront, sai ya kai shi har inda ba a son sa.

Ingilishi, wanda ta hanyarsa ake koyar da Faransanci a makarantun Nijeriya, ba ya taimakawa a nan. Ya raba if da when, gaskiya ne, amma ba ya yarda da lokaci na gaba bayan ko ɗaya daga cikinsu: when they have sold ake cewa. Ke nan harshen uwa da harshen koyarwa sun taru suna tura ɗalibi zuwa (9c). Malamin da ya gabatar da wannan lokaci da cewa shi ne will have done ya faɗi gaskiya game da babbar ganga, amma ya bar ɗalibi ba makami a ganga dogarau, inda lokacin ya fi fitowa.

Larabci ya fi kusa da ba da mafita, musamman a gari irin Daura inda yaro kan fara da makarantar allo da Islamiyya kafin ya ji kalmar Faransanci ko ɗaya. Malaman balaga suna koyar da cewa "in" ta Larabci tana shiga abin da ake shakkar aukuwarsa, "izaa" kuma tana shiga abin da aka tabbatar zai auku, kuma sau da yawa fi'ilin da ke bin "izaa" sigar maadi yake ɗauka alhali gaba ake nufi. Rabon si da quand ke nan. Ana danganta asalin "in" da "idan" na Hausa da Larabci, amma Hausa ba ta riƙe wannan bambanci ba, tana musanya su yadda ta ga dama. Haka kuma ana jin "idan sun zo" ana jin "idan suka zo", sai dai zaɓin da masu magana suke yi tsakaninsu bai tsaya daram a kan rabon tabbas da shakka ba, balle a ɗora ƙa'idar fassara a kansa.

Gwajin da ya fi sauƙi daga cikin Hausa yake. A cire "idan" a sa "da zarar" ko "bayan". In ma'anar ta tsaya yadda take, quand ne da kammalau na gaba. In kuwa "in har" ko "in dai" ce ta fi zama daidai, si ne da lokaci mai ci ko passé composé. "Idan gari ya waye" tana karɓar "da zarar", domin wayewar gari ba abin shakka ba ce. "In Allah ya kai mu" kuwa ba ta karɓa, kuma ba a banza ba: Bahaushe ba ya yi wa gobe alkawari kai tsaye. Wannan ladabi na magana yana iya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa "idan" ta dace da bakinsa, tunda tana ba shi damar ambaton abin da yake jira ba tare da ya yanke hukunci a kansa ba.

A hira, wannan sassauci ni'ima ce. A takardar yarjejeniya kuwa yana iya zama asara. "Idan an kawo kayan za a biya" tana iya zama quand la marchandise aura été livrée, wadda ta ɗauka cewa kawo kayan abu ne da aka riga aka amince da shi, ko si la marchandise est livrée, wadda ta bar ƙofar rashin kawowa a buɗe. Mai fassara daga Faransanci zuwa Hausa da ya mayar da su duka "idan" ya shafe bambancin da masu yarjejeniyar suka sa hannu a kansa. "Da zarar" ko "bayan" ya kamata ya ba ta farko, "in har" ya ba ta biyu.

Akwai si guda da take karɓar lokaci na gaba, ita ce ta tambaya a kaikaice: je ne sais pas s'ils auront fini avant vendredi. A nan Hausa ce ta raba abin da Faransanci ya haɗa, domin "ko" take cewa: "ban sani ba ko za su gama kafin Juma'a". Duk si da za ta fassaru da "ko" ba ta cikin haramcin (9d).

6.0 Inda Ba Gaba Ake Nufi Ba

Kammalau na gaba yana da wani amfani da ba ya da alaƙa da gobe ko jibi, shi ne zato a kan abin da ya riga ya auku:

(10) Le chauffeur n'est pas encore là. Il aura eu une panne vers Dan Barto.
Har yanzu direban bai iso ba. Ƙila mota ce ta lalace masa wajen Ɗan Barto.

Wanda ya fassara il aura oublié da "zai manta" ya juya maganar gaba ɗaya, "wataƙila mantawa ya yi" ake nufi. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne mai magana yana hangen lokacin da gaskiya za ta bayyana, a tarar zatonsa ya tabbata. Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan salo. Mai cewa "shanun za su kai ɗari" yana kallon garken ne yana kintace, ba ya nufin za su ƙaru. Bambancin shi ne Hausa tana yin haka a kan abin da ake ciki, idan kuwa abin ya wuce sai ta nemi "ƙila" ko "da alama" ko "mai yiwuwa".

'Yan jarida da marubuta tarihi suna amfani da shi wajen yanke hukunci a kan wani zamani da ya zo ƙarshe: cette saison aura été dure pour les éleveurs, wato "wannan shekara dai ta zo wa makiyaya da wahala". Shugaba kuma yakan ba da umarni da shi: vous aurez rangé la classe avant mon retour, abin da malamin Hausa zai ce "in dawo in tarar kun gyara ajin".

7.0 "Zai Kasance Sun Gama"

A rubuce-rubucen fassara da labaran kafafen watsa labarai ana yawan cin karo da gini irin "zuwa ƙarshen shekara za su kasance sun kammala aikin". Ba za a ce ginin ba Hausa ba ne, domin "kasance" da "zamana" suna ɗaukar ganga a bayansu tun asali, kuma Larabci ma da irin wannan hanya yake bi, ya haɗa yakuunu da ƙad da maadi. Yana da amfani a inda madogara ta yi nisa da aikatau, ko a cikin doguwar jimlar doka inda mai karatu zai iya ɗaukar "sun kammala" a matsayin labarin jiya. Abin da ba shi da kyau shi ne mayar da shi abokin kowane aura da kowane will have, kamar Hausa ba ta da hanyarta. Idan aka ɗauki jimla a kan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya:

(11) Quand on aura achevé la ligne, le trajet sera plus court.
a. Idan za a kasance an kammala layin, tafiyar za ta ragu.
b. Da zarar an kammala layin, tafiyar za ta ragu.

Jimlar (11a) ta kwaikwayi sassan Faransancin ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ɓata ma'anar, domin "idan za a" tana jawo fassarar niyya ko sharaɗi, alhali quand ta ɗauki kammalawar a matsayin abin da ake jira. A ganga dogarau "kasance" ba shi da gurbi ko kaɗan. A babbar ganga ne kawai ake da zaɓi tsakanin "kafin baɗi an gama", da "za a tarar an gama", da "zai kasance an gama", kuma na ukun ya fi dacewa da takardar hukuma fiye da bakin mai magana.